Tuhami da Dabinon Ƙaninsa

Tuhami bin Sagayyar yana da shekara goma sha ɗaya ya fara hawa dabino, bai kuma daina ba sai da ya kai sittin da takwas. Duk wanda ke da lambu a Nafta ya san shi. Mutum ne siriri, mara yawan magana, tafin ƙafarsa ya yi kanta kamar kirgi, don tun da yake bai taɓa hawa da takalmi ba. In bazara ta yi shi ake kira ya kai wa macen dabino furen namiji, in kaka ta zo shi ke sauko da nonon dagla, dabinon nan mai daraja, a igiya ba tare da ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa ba.

Su biyu ne maza a wurin ubansu, shi da ƙaninsa Amara, shekara biyu tsakaninsu. Amara ya fi shi sauri a kan itace, ya kuma fi shi baki. Yana can ƙololuwa zai riƙa rera waƙa yana tsokanar masu wucewa, ya jefi Tuhami da ƙwallon dabino, in ya ɗaga kai ya ce iska ce. A shekarar da ruwan maɓuɓɓuga ya ja baya, lambun ya kasa riƙe gida biyu, sai Amara ya bi ayarin samarin da ke tafiya Faransa aikin gini. Tuhami ne ya raka shi tasha, yana riƙe masa da akwatin kwano. Amara ya ce shekara biyu zai yi, ya tara abin haƙa rijiya ya dawo. Yana da shekara ashirin da biyu a lokacin.

Shekara biyu ta zama biyar. Ya yi aure a can Liyon, ya auri Mas'uda, 'yar mutanen Gafsa, suka haifi 'ya'ya uku. Da tsohon nasu ya rasu aka raba lambu, Amara ya samu itace goma sha tara a gabashin magudanar ruwa, Tuhami ya samu na yamma. Ba wanda ya ɗora masa, amma tun daga ranar Tuhami bai taɓa fara aiki a nasa ɓangaren ba sai ya gama da na ƙaninsa. In ranar rabon ruwansu ta zo, gabas yake fara buɗe wa. Matarsa Burniya takan ce da dabino na magana, da na yamma sun kai ƙararsa wurin alƙali.

Amara yakan zo, ba a ce ba ya zuwa ba. Amma hutun masu gini a watan Agusta yake, lokacin da zafi ke hana kare fita, dabino kuma yana kore shar, ba ya ciwuwa. Sai ya zagaya lambun da rigar Turawa, ya ɗaga kai ya dubi nonon da bai nuna ba, ya ce, "Baɗi in Allah ya so, Sidi, da kaka zan zo." Sidi yake kiran wansa tun suna yara. A tsakanin zuwa da zuwa kaset yake aikowa, don Tuhami bai yi boko ba. Tuhami yakan sa kaset ɗin a rediyo ya zauna a bakin ƙofa yana ji har zaren ya tsinke, Burniya ta liƙa masa da jan farce. Shi kuma kowace shekara sai ya zaɓi dabino mafi kyau daga itacen gabas, ya cika kwali, ya ba duk wanda zai haye teku.

Da Amara ya ajiye aiki, Tuhami ya ɗauka ƙarshen jira ya zo. Har ɗakin tsohon ya sa aka yi wa farar ƙasa. Sai ga labari Mas'uda ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye. Amara ya zama shi ne mai ɗaga ta, shi ne mai kwantar da ita, ba ya iya barinta ko na yini biyu. Shekara tara aka yi ba su sa juna a ido ba. Abin da ya rage musu shi ne wayar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Amara ne ke kira, shi ne kuma ke yawancin maganar. Yakan tambayi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, da karkatacciyar nan ta bakin ruwa, da doguwar da tsawa ta taɓa faɗa wa, Tuhami yana amsawa da kalma biyu uku, alhali tun ranar Asabar yake tara abin da zai faɗa.

A irin wannan hira ce wata Juma'a bakinsa ya suɓuce ya ce gwiwoyinsa sun fara yi masa gardama. Gaskiya kuwa abin ya wuce gardama. Da asuba sai ya dafa bango kafin ya miƙe, a salla kuma sujada ta zama aiki. Bayan wata guda wani maƙwabci da ya dawo daga Faransa ya kawo masa ƙunshi. A ciki akwai safa mai kauri, da gahawa, da kwali shida na wata ƙwaya 'yar mitsitsiya ruwan ɗorawa. Amara ya yi masa bayani a waya cewa dikulofenak sunanta, likitansa ne ya rubuta masa don ciwon baya, ya sha ya ji daɗinta, waɗannan ragowa ne. Ya ce guda ɗaya, kuma sai ya ci abinci.

Tuhami ya ji guda ɗayan, bai ji na abincin ba. Ubansu ya koya musu cewa mai hawa ba ya cika ciki da safe, don cikakken ciki ke jawo mutum ƙasa, kuma shekara hamsin da wani abu ba ya karyawa sai da baƙin shayi mai kauri, sai hantsi ya ɗaga ya ci burodi da man zaitun a gindin itace. Haka ya riƙa haɗiye ƙwayar da shayi ya fita. Ta kuwa yi aiki. Cikin kwana uku ya ji kamar an sauya masa ƙafafu. Ya ajiye kwalayen a cikin akwatin da yake adana kaset-kaset ɗin nan, duk da babu sauran rediyon da zai ji su da shi. A jikin kowane kwali akwai 'yar farar takarda da kantin magani ya manna. An gaya masa sunan Amara ne a rubuce, sai ya zama kafin ya ɓalli ƙwaya yakan shafa takardar da babban yatsa.

A watan Yuni Amara ya kira da wata murya da Tuhami ya daɗe bai ji ba. Babbar 'yarsa za ta ɗauki hutu a watan Oktoba ta zauna da uwarta, shi kuma zai zo ya yi kwana ashirin, a tsakiyar kaka. Ya ce shekara arba'in da huɗu rabonsa da ya tsinki dabino a kan itace ya sa a baki.

Daga ranar Tuhami ya ɗora wa kansa aikin da ko saurayi zai ji a jikinsa. Ya hau kowace itaciya ta gabas ya rage mata 'ya'ya don saura su yi ƙiba, ya ɗaure nonon kada nauyi ya karya su, ya dawo ya lulluɓe su saboda ruwan farkon kaka, ya sake hawa ya duba ko tsutsa ta shiga. Ƙwaya ɗaya ta daina kai shi azahar, ya mayar da ita biyu, wani lokaci uku. Da ya ga kwalayen suna ƙarewa, ya ɗauki wanda ba komai a ciki ya tafi kantin Si Lazhar, mai sayar da magani a bakin kasuwa, wanda a wurinsa yake karɓar maganin hawan jini duk wata.

Si Lazhar ya juya kwalin, ya dube shi ta saman tabarau, ya tambaye shi tun yaushe yake sha. Tuhami ya ce ai jefi-jefi ne.

"Ammi Tuhami, jefi-jefi ba ya cinye kwali," in ji Si Lazhar, yana kiransa Ammi, wato baffa, don girmamawa. "Da shekarunka, ga maganin hawan jini kana sha, wannan ba abokin tafiyarka ba ne. Ba zan ba ka ba sai likita ya duba ka. Ga farasitamol, ka riƙe shi kafin nan."

Tuhami ya karɓa don kunya, ya fito yana ƙunƙuni cewa yaran da aka haifa a gabansa su ne yanzu ke yi masa wa'azi, alhali Si Lazhar ya ba hamsin baya. A teburin mai shayi ya ba abokan sana'arsa labari, sai ɗayansu ya zaro wata jar ƙwaya daga aljihu ya ce wannan ibufurofen ce, duk masu hawa ita suke sha, ko raƙumi aka ba sai ya yi rawa. Tuhami ya duba ya ga wannan ja ce, ta Amara kuwa ruwan ɗorawa, ya yanke wa kansa hukunci cewa ba abin da ya haɗa su. Sai ya zama ta Amara da asuba, ja da rana, don ta ɗan'uwansa ta daɗe ba ta ƙare ba.

Burniya ce ta fara ganin alama. Mutumin da ba ya cin kuskus sai an zuba masa yaji har ya yi gumi, yanzu yana ture kwanon yajin gefe, yana dafe ƙirji yana cewa ƙwannafi. Ta ce ya je asibiti, ya ce bayan kaka. Ta ce ya rage shan ƙwayoyin nan, ya ce mata, "'Yar mutane, ɗan'uwana ne ya aiko, guba zai aiko mini?" Abin da bai gaya mata ba shi ne kwana huɗu ke nan bayan gidansa na fita baƙi ƙirin kamar kwalta. Ya ga abin, ya tsorata, ya kuma rufe bakinsa, don saura mako biyu Amara ya sauka.

Wata Talata da hantsi yana saman doguwar da tsawa ta taɓa, sai ya ga lambun yana juyawa. Gumi mai sanyi ya karyo masa, kunnuwansa suka toshe. Allah ya taimake shi igiyar tana ƙugunsa. Ya rungume itacen ya kifa goshi a kai har jirin ya ɗan lafa, sannan ya fara saukowa taki ɗaya-ɗaya, yana hutawa, saukar da a da kafin a ƙifta ido ya gama ta. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai amai ya zo, baƙi kamar tukar gahawa. Maƙwabcin lambunsa ne ya same shi kwance a bakin magudana, ya ɗora shi a amalanken alfadari zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai shi asibiti a Tozar.

Leda biyu ta jini aka ƙara masa. Aka zura masa wani siririn bututu ta baki aka leƙa cikinsa, aka ga gyambo yana tsiyayar da jini, aka tsayar da shi. A rana ta uku likitar da ke duba shi, wata mace mai sanyin murya, ta ce a kawo mata duk abin da yake sha. Burniya ba ta ɓoye komai ba, ta zazzage leda a kan gado. Likita ta ware maganin hawan jini gefe, ta ɗauki jar ƙwaya a hannu ɗaya, kwalin Faransa a ɗaya hannun, ta karanta farar takardar.

"Wane ne Amara?"

"Ƙanina ne," in ji Tuhami. "Yana Liyon."

"To, Ammi, likitan Amara jikin Amara ya auna, bai auna naka ba." Ta haɗa magungunan biyu wuri ɗaya. "Waɗannan kuma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, riga ce kawai ta bambanta. Wanda ya sha su tare ya ninka wa cikinsa wuta ne, ciwon gwiwa kuwa ba zai ƙara raguwa ba."

Ta zauna a bakin gadon ta yi masa bayani a tsanake. Ta ce maganin ba mugu ba ne, yana kashe kumburi da raɗaɗi, mutane da yawa suna amfana da shi, amma ana shansa ne kaɗan, na 'yan kwanaki, da abinci a ciki, ba wata biyar a jere a kan baƙin shayi ba. Ta ce mai shekaru irin nasa da mai hawan jini sai da sanin likita, don bayan ciki yana taɓa ƙoda, tasa ma ta fara nuna gajiya, sai dai an tare ta da wuri. Baƙin bayan gidan nan da ya ɓoye jini ne, ranar da ya fara gani ranar ya kamata ya zo. Daga yau kuma shi da dangin wannan magani sun raba gari har abada. Tuhami ya saurara har ta gama. Da ta tattara ƙwayoyin za ta fita, ya roƙe ta ta bar masa kwalin, ta zare abin da ke ciki ta miƙa masa.

Ya gargaɗi Burniya kada Amara ya ji, a ce masa zazzaɓi ne. Bai san an riga an yi ba. Ranar Juma'ar da yake kwance, Amara ya kira wayar gida don ya ce tafiya ta fasu, Mas'uda ta kamu da ciwon huhu an kwantar da ita. Burniya da ta yi kwana uku a kan bencin asibiti ta ji wannan, sai haƙurin shekaru ya ƙare mata. Ta gaya masa komai, da igiya, da aman, da jinin da aka ƙara, ta ƙare da cewa ba ƙwaya wansa yake buƙata daga wurinsa ba. Daga nan wayar ta katse.

Aka sallami Tuhami ya dawo gida. Juma'a ta zo waya ba ta yi ƙara ba, ta biyu ma haka. Yana zaune a tsakar gida da wayar a kan cinya tun daga saukowa masallaci har la'asar. A ta uku Burniya ta faɗa masa abin da ta yi, tana jiran faɗa. Bai yi faɗa ba. Ya ce ta danna masa lambar, karo na farko ke nan da shi ya nemi ƙaninsa.

"Sidi," in ji Amara, muryarsa a dishe. "Da hannuna na naɗe su a takarda."

"Da hannuna na haɗiye. Ka ce in ci abinci, na ci? Tun muna yara wa ya taɓa jin maganarka a gidan nan?"

Amara ya yi wata 'yar dariya da ta rikiɗe ta zama kuka, Tuhami ya riƙe wayar a kunne yana kallon bango har ya gama. Sannan ya tambaye shi jikin Mas'uda, ya ba shi labarin cewa karkatacciyar ta bakin ruwa ta yi nono goma sha ɗaya bana.

Kakar nan wani magidanci daga unguwarsu ne ya hau ya yanke, Tuhami yana ƙasa a kan kujera yana nuna masa da sanda, yana ganin duk abin da ya yi ba daidai ba. Bai sake hawa ba. Likita ba ta hana shi da baki ba, amma gwiwoyin da ba a rufe musu baki da ƙwaya ba sun faɗa masa gaskiya. Ya koma farasitamol daidai yadda aka ƙayyade masa, da man shafawa da likita ta rubuta, da tsumma mai ɗumi da Burniya ke ɗora masa. Ya koyi karyawa da safe yana da shekara sittin da takwas. In ya je karɓar maganin wata, Si Lazhar yakan tambaye shi ko yau ma jefi-jefi ne, shi kuma ya ce masa ya ji da tabaransa. A teburin mai shayi kuwa ya zame wa masu hawa alaƙaƙai. Duk wanda ya ga ya zaro jar ƙwaya sai ya riƙe masa hannu ya tambaye shi me ya ci, kwana nawa yana sha, har suka fara ɓoye masa. Mutum biyu dai ya tura wurin Si Lazhar, ɗayansu da ya wuce asibiti aka same shi da gyambo tun bai fashe ba.

Abin da bai iya gaya wa kowa ba shi ne yadda yake kewar sama. Daga can ne ake hango farin tafkin gishiri yana ƙyalli, da titin da ya miƙe zuwa Tozar, da iskar da ba ta saukowa ƙasa. Wani lokaci in ba kowa a lambun yakan tuɓe takalmi ya ɗora tafin ƙafa a kan gindin itace, ya tsaya haka na ɗan lokaci, sannan ya mayar da takalminsa.

Mas'uda ta rasu a hunturun shekarar da ta biyo baya, aka binne ta a can. Bayan arba'in Amara ya zo. Tuhami ya je tasha tarbarsa, ya tsaya yana duba masu saukowa daga mota, har wani tsoho mai ƙiba da sanƙo da na'urar ƙara ji a kunne ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sidi." Shekara goma sha ɗaya ke nan. Suka rungumi juna suka daɗe, direba yana jiran a sauke kaya.

Mako uku ya yi a ɗakin tsohon. Da safe su tafi lambu a hankali, ɗaya da sanda, ɗaya yana haki, su zauna a rana. Maganar da suka tara ta ƙare cikin kwana biyu, saura duk shiru ne, kuma shirun bai dame su ba. Sau ɗaya suka yi musu mai zafi a kan wace shekara ce alfadarin ubansu ya mutu, har Burniya ta fito ta ce duk su biyun sun yi kuskure. Amara ba ya waƙa yanzu, sanyin dare yana damunsa, ruwan garin ya ɓata masa ciki, yana yawan duba hotunan jikoki a waya. Tuhami ya lura da wannan duka, ya gane ba zai zauna ba tun kafin ya faɗa. Da ya faɗa ɗin, cewa 'ya'ya suna can, likitan zuciyarsa yana can, Mas'uda ma tana can ba mai kai mata ziyara sai shi, Tuhami ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, ba a barin mace ita kaɗai a baƙuwar ƙasa.

Ranar tafiya Burniya ta yi musu kuskus da naman rago tun da hantsi, suka ci a kwano ɗaya. A tasha Amara ya samu kujerar gefen taga, ya ce in Allah ya ba da rai zai dawo, Tuhami ya ce Allah ya sa. Motar ta jira cikon mutum ɗaya kusan rabin awa, suna kallon juna ta gilashi, babu abin da ya rage a faɗa, kuma ba wanda ya iya kawar da kai. Da ta tashi, Tuhami ya tsaya har ta sha kwana a bayan gidan mai.

Bai koma gida kai tsaye ba. Ya zauna a kan bencin tasha har aka kira azahar, yana kallon motocin Tozar suna cika suna tashi. Wani ɗan kamasho da ya san shi ya zo ya tambaye shi ko tafiya zai yi a ajiye masa wuri. Tuhami ya ce a'a, gwiwa ce yake hutarwa, yanzu zai tashi.